Waya Cikin Bango

Tun zamanin kakanni, idan Bahaushe ya tashi kafa gida, abin da yakan fara da shi shi ne katanga. Kafin ya yi ɗakin kwana, kafin ya haƙa rijiya, sai ya kewaye filinsa da ginin ƙasa ko da darni, ya bar ƙofa guda tak, ya ɗora zaure a kanta. Duk wanda zai shiga, baƙo ne ko ɗan gari, tilas ya tsaya nan ya yi sallama, a amsa masa, sa'an nan maigida ya duba ko na shiga ciki ne, ko kuwa na zama bisa tabarma a waje. Haka tsarin yake a Jega da Aliero da Maiyama da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, har yanzu kuwa bai ɓace ba. Amma zamani ya kawo wani baƙo wanda ba ya sallama, ba ya bi ta zaure, kafar da yake shiga ma ba ta wuce kaurin ɗan yatsa ba. Baƙon nan shi ne waya, watau wadda ke ɗauko murya da hoto da labari daga waje ta kai su har ƙuryar ɗaki. Yawancin masu gida sun ɗauki huda bango domin waya abin wasa, aikin da yaro zai gama da ƙusa da guduma kafin la'asar. Alhali kuwa ƙofa ce ake buɗewa, ta cancanci irin shawarar da akan yi wa ƙofa.

Ba yau waya ta fara wannan ratse ba. A 1935 Gwamnatin Turawa ta buɗe wani aiki a Ikko, inda akan kamo shirye-shiryen BBC daga Landan a wuri guda, a rarraba su ta waya zuwa gidajen waɗanda suka biya. A 1944 aka kafa irinsa a Kano. Akwati ne mai lasifika a ciki, a rataye a bango, ba a juya shi a nemi wata tasha. Abin da aka aiko shi za a ji, iyakar ikon mai shi ya ƙara murya, ko ya rage, ko ya kashe. Daga baya rediyo mai batir ta zo ta 'yanta mutane daga waya, har manomi ya riƙa ratayawa a kafaɗa zuwa fadama, musamman bayan da BBC ta fara magana da Hausa a 1957. Da talabijin ya ɓullo, a Badun a 1959, a Kaduna a 1962, sai gani ya kori ji, waya kuwa ta komo, wannan karon daga eriyar da aka ɗaura a kan dogon ƙarfe. Bayan eriya aka sami bidiyo, finafinan Hausa na Kano suka fara fitowa daga 1990. Bayan bidiyo aka sami dish mai kamo tauraron ɗan'adam, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ga kuma intanet. Kowane ɗaya daga cikinsu da igiyarsa ya zo, kowace igiya kuwa bango take nema ta ratsa.

Garuruwan nan uku suna kan hanyar motar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri. Matafiyi zai fara isa Aliero, garin albasa da masu ɗori, inda Gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2006. Daga nan sai Jega, tsohuwar alƙarya wadda kasuwarta ta yi suna tun ƙarni na 19. Kudu da ita sai Maiyama. Wanda ya zaga unguwanninsu zai ga bango iri uku: tsohon ginin ƙasa mai kauri, da sabon ginin bulo da siminti, da kuma bangon haya, wanda mai kwana a bayansa ba shi ne mai shi ba. Ko wanne da hukuncinsa game da waya.

Amma kafin a kai ga bango, ya kamata mai karatu ya san halin wayoyin, gama ba ɗaya suke ba. Wayar dish baƙa ce ko fara, a tsakiyarta akwai silin ƙarfe guda, an lulluɓe shi da farar roba, an naɗe robar da takardar ƙarfe da raga, sa'an nan aka sa mata riga. Ragar nan ita ke kare hoto daga ɓaci. In an lanƙwasa wayar da ƙarfi a kusurwa, ko ƙusa ta danne ta, ko ruwa ya shiga ragar ta yi tsatsa, sai hoto ya fara tsayawa yana yankewa, maigida ya yi ta zargin hadari alhali laifin yana jikin katangarsa. Wayar intanet siraran wayoyi 8 ne a cikinta, an murɗe su biyu-biyu, iyakar tafiyarta mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. Wayar da ke haɗa dikoda da talabijin na zamani, wadda ake kira HDMI, gajeren zango gare ta, da ta wuce mita 10 zuwa 15 sai ta fara gardama, kanta kuma faffaɗa ne, ba ya shiga kowace kafa. Wayar lasifika ita ce mai sauƙin hali, sili biyu ne kawai, sai dai in tafiya ta yi tsawo tana bukatar kauri. Dukkansu ƙaramar wuta suke ɗauka. Abin da dikoda ke aika wa kan dish bai wuce bolt 13 ko 18 ba, wutar lantarki ta gida kuwa bolt 230 ce, tana kisa. Saboda haka doka ta fari ita ce kada a haɗa su a bututu ɗaya. A bar tazarar kamar ƙafa guda tsakaninsu, in kuwa tilas su gamu, to, su gitta juna su wuce, kada su jera. Jerawar ita ke sa lasifika gurnani, in kuma rigar ɗaya ta kware, wutar da ke kisa ta sami hanyar zuwa bayan talabijin inda yara ke sa hannu.

To, a fara da ginin ƙasa, irin na tsofaffin unguwannin Jega. Magina na da, da suka jera tubali suka yi yaɓe suka shafe da makuba, abokin gaba ɗaya suke tsoro, shi ne ruwa. Domin shi aka yi indararo mai tsawo, domin shi ake sake yaɓe kafin damina. Waya kuwa hanyar ruwa ce. Idan ta gangaro daga kan soro ta shiga bango kai tsaye, ruwan sama zai bi jikinta ɗigo-ɗigo ya shige tare da ita, ya jiƙa ƙasar daga ciki inda ido ba ya gani. Shekara ta fari ba a ga kome ba, ta biyu a ga damshi, ta uku yaɓe ya kumbura ya zube, in kuwa kafar tana kusa da inda azara ta kwanta, gara ta sami abinci da abin sha wuri guda. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan kuwa mai gidan ne da hannunsa ya tsaga. Maganin abin ba shi da tsada. A huda kafar a karkace, bakinta na waje ya fi na ciki ƙasa, domin ruwa ba ya hawa tudu. A zura guntun bututun roba, wayar ta bi ta cikinsa. Kafin ta shiga a bar ta ta sauko ƙasa da kafar kaɗan ta lanƙwaso sama, ruwan ya taru a gindin lanƙwasar ya ɗiga ƙasa. Sa'an nan a toshe bakin biyu, saboda kunama da kyankyaso da ƙurar hunturu. Ba a sassaƙa wa waya kwari a jikin ginin ƙasa a rufe da siminti, gama ƙasa da siminti ba su riƙe juna, kwana kaɗan facin zai ɓamɓare. Gara ta bi bisa fuskar bango a fili, cikin bututu, nesa da indararo. Kafin a ɗora guduma kuma a kira tsohon magini ya nuna inda bango zai jure, shi ya san inda nauyin soro ya sauka.

Ginin bulo shi ne ya ba da damar ɓoye waya sarai, amma damar tana da lokaci, in ya wuce ya wuce. A ɗauki misalin wani falken albasa a Aliero, wanda kaka ta yi masa kyau ya tashi gina gida. Gini ya kai linta, an ɗora kwano, masu filasta suna jiran a ce su fara. Sai mai wayarin, wani saurayi, ya same shi a gindin bishiya ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Na gama bututun wuta. Saura na kallo da na intanet, ina so a ba ni kwana biyu kafin a yi filasta."

Alhaji ya ce, "Kai, samari, talabijin ɗin ma ban saya ba tukuna. In na saya ka zo ka ja mini wayar, me zai gagara?"

Saurayin ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kuɗin bututu kawai za ka biya. Ran nan kuwa za ka biya mai fasa bango, da mai faci, da mai fenti, kuma tabon ba zai ɓace ba."

Alhaji ya yi shiru, ya dubi tsohon maginin da ke zaune kusa, ya ce, "Baba, ka ji abin da yaron nan ke faɗi?" Tsohon ya ce, "Na ji, Alhaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Gaskiya saurayin ya faɗa. Bututun da babu kome a cikinsa shi ne mafi amfanin abin da za a binne a bango, domin wayoyi suna sakewa, bango kuwa yana nan. Wanda ya binne wayar eriya tsirara cikin siminti shekarun baya, yau tana nan a mace, ba ta ciruwa, ba ta amfanuwa. Wanda ya binne bututu kuwa sai ya zare tsohuwa ya zura sabuwa. Sharuɗɗan aikin sanannu ne ga masu sana'a. Kwarin da za a sassaƙa ya tafi a tsaye, daga akwatin soket zuwa silin, domin doguwar sassaƙa a kwance tana raunana bango, balle bulo mai inci 6 wanda cikinsa rami ne. Kada a taɓa linta, kada a taɓa fila, su ke ɗauke da gidan. Bututu mai faɗin milimita 20 ya isa wayar dish ko ta intanet, amma inda kan HDMI zai bi a sa wanda ya fi shi faɗi sosai. A rage kwana, kowace kwana kuma ta zama mai laushi. A bar igiya a cikin kowane bututu domin ranar ja. Dukkan bututan su haɗu a wuri guda mai inuwa da iska, inda dikoda da na'urar intanet za su zauna. Abu na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne a zana hanyoyin a takarda, ko a ɗauki hoton bangon kafin filasta ta rufe shi, a ajiye tare da takardun gida. Ranar da za a kafa ƙusar rataya agogo, takardar nan ita za ta hana a huda abin da aka sha wahalar binnewa.

Wani zai ce, ina amfanin wannan duka tun da yanzu intanet ta iska take tafiya cikin gida? Amsa ita ce iskar ba ta son bango. Gidan Bahaushe sassa-sassa ne, ɗakuna a warwatse kewaye da tsakar gida, kowane da katangarsa, abin da na'ura ke watsawa daga falo kafin ya ratsa bango biyu ko uku ya galabaita, ginin ƙasa mai kauri ya fi cinye shi. Malamin jami'a ko ɗalibin da ke son aiki ba yankewa, waya guda daga na'ura zuwa ɗakinsa ta fi masa kowace dabara.

Sai bango na uku, na haya. Ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki zuwa Maiyama, ya kama ɗaki biyu a gidan wani, bangon amana ne a hannunsa. Bai kamata ya huda shi ba sai da iznin mai gida, a kuma yi magana tun da fari a kan wanda zai toshe kafar ran tashi. Sau da yawa ma ba a bukatar hudawa, akwai kusurwar katakon taga, akwai tsakanin kwano da bango. Abin gudu shi ne matse waya a bakin ƙofar ƙarfe, kullum ana buɗewa ana rufewa a kanta har ta kware. Haka nan katangar da aka haɗa da maƙwabci, rabinta nasa ne. Ba a kafa ƙarfen dish a kanta sai ya yarda, mai hawa soro domin saita dish kuma ya sanar tukuna, gama daga can ana hango tsakar gidan mutane, matan gida su sami damar kimtsawa. Lasifikar da aka manna a bangon da wani ke kwana a bayansa, rabin ƙararta a ɗakinsa take sauka.

Akwai haɗari biyu da suka shafi kowane irin bango. Na farko mugun kaya. A kasuwa akwai wayar da ake sayarwa da sunan tagulla alhali alminiyam ce aka shafa wa ja. Mai saye ya kankare silin wayar lasifika ko ta intanet da wuƙa, in ya ga fari a ciki ya san abin da ya riƙa. Irin wannan tana karyewa a cikin bututu, a inda ba a iya kai hannu. Wadda za ta zauna a waje kuma sai mai rigar da ke jure rana, gama zafin bazara a ƙasar Kabi yakan haura digiri 40, rigar banza shekara kaɗan take tsattsagewa. Araha ba ta ado. Na biyu tsawa. Dogon ƙarfen eriya da dish a kan rufi suna tsaye sama da gida, wayarsu kuwa ta miƙe har ɗakin da iyali ke zaune. Ya wajaba a ɗaure ƙarfen da waya mai kauri zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa mai damshi, in hadari ya haɗo kuma ana walƙiya, a zare wayar dish da ta wuta daga jikin na'ura tun kafin ruwa ya sauko, ba a tsakiyarsa ba.

Duk wannan sana'a ce, mai wayarin nagari ya san ta. Amma akwai tambaya ɗaya wadda ba shi zai amsa ba, sai maigida: ina wayar za ta ƙare? Nan ne maganar ƙofa ta fito fili. In ta ƙare a zaure ko falon baƙi, maza sun sami wurin kallon ƙwallo, mata da 'yan mata kuwa an bar su da jin ihu daga nesa, yaran gida su riƙa sulalewa gidan kallo da dare. In ta ƙare a turaka, kallo ya zama na mutum ɗaya da wadda ke da girki. In gidan mai mata biyu ne aka kai waya ɗakin ɗaya aka bar ɗaya, an shuka abin da zai daɗe ana girbe shi, gama yaran wannan ɗaki za su koma 'yan raɓe a wancan, a kore su ranar da aka yi faɗa. Wanda ya ce zai raba waya guda biyu domin adalci, ya sani rabawa tana rage ƙarfin abin da ke tafe, in kuma dikoda ɗaya ce, tasha ɗaya kowa zai gani, mai riƙe da rimot shi ne sarki. In kuwa aka kai waya kowane ɗaki har na samari, an yi adalci, amma an watse taro. Tsakar gidan da a da ake shimfiɗa tabarma bayan isha, kaka tana tatsuniya, sai ta zama hanyar wucewa kawai, kowa ya rufe ƙofa da baƙonsa wanda ba wanda ya ji sallamarsa.

Dattawa masu hangen nesa sukan zaɓi wuri ɗaya a cikin gida, rumfa ko falon da kowane ɗaki ke da iko da shi daidai, su ce nan waya za ta tsaya. A sauran ɗakuna a binne bututu a rufe bakinsa, ya jira ranar da bukata ta tabbata, kamar ranar da ɗa ya yi aure aka ware masa sashe. Amfanin haka a bayyane yake. Abin da ake kallo tare, babba ya san abin da ƙarami ya gani, in an nuna abin kunya akwai mai kunyar da zai sa a juya, in an nuna abin ilmi akwai mai ƙarin bayani, in lokacin salla ya yi hannu ɗaya ya isa ya kashe. Gaskiya ne tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, ta kuma zama mai hoto daga baya, akwai baƙon da ko kafa ba ya bukata, a aljihu yake shiga. Wannan ma dalili ne na a kyautata wurin taron, domin yaron da ya sami abin kallo mai daɗi tare da 'yan'uwansa bai cika son keɓewa ba.

Saboda haka mai shirin gini a Aliero, da magajin tsohon soro a Jega, da ɗan haya a Maiyama, kowanne ya yi wa waya abin da kakansa ya yi wa ƙofar gida. Ya zauna da magini da mai wayarin tun kafin filasta, ya shawarci matan gida a kan wurin zama, ya nemi iznin wanda ke da hakki a bango, ya sayi kaya na ƙwarai ko da kaɗan ne. Kwana biyu na shawara sun fi shekara goma ta faci. Allah ya sa abin da zai shigo ta kafar ya zama alheri ga masu gida da maƙwabtansu, amin.